Masu Busa Sarewa da Neman Amo

Cikin kayan busa na ƙasar Hausa babu mai sauƙin ƙira irin sarewa, babu kuma mai wuyar ba da sautin farko irinta. Kara ne ko gora mai rami, buɗe ta sama buɗe ta ƙasa, da ƙofofi huɗu a jiki inda yatsu ke hawa. Shi ke nan. Algaita tana da ɗan hakin da ke karkarwa a bakinta, ko yaro ya hura zai ji ta yi ƙara. Kakaki kuwa leɓɓan mabushi ne ke kaɗawa, dogon ƙarfen ya ɗauki sautin ya kai shi bayan ganuwa. Sarewa ba ta da haki, ba ta da wani abu mai motsi a jikinta. Iskar bakin mutum ce kawai da gefen kara. Duk abin da za a ji, mai daɗi ko marar daɗi, a tazarar da ke tsakanin leɓe da wannan gefen ake ƙulla shi, tazarar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba.

Kakaki na sarki ne, ba kowa ake busa wa shi ba. Algaita da farai suna da gurbinsu a fada ƙarƙashin Sarkin Busa, ɗa ya gaji uba. Sarewa kuwa a daji ta tashi, a hannun makiyaya, musamman Fulani, da samarin ƙauye. Muddin mutum yana gindin itace shi da shanunsa, ba mai tambayarsa ƙarfin sauti. Ranar da aka kira shi filin shaɗi ko gidan biki, mai kalangu a damansa, mai ƙwarya a hagunsa, mata na rangaɗa guɗa, ranar ce ake sanin ko ya iya. Wani za ka ga jijiyoyin wuyansa sun miƙe, gumi na tsiyaya, yatsu na ta kai da kawowa, amma taku 20 daga inda yake ba a jin komai sai ganga. Wani kuma yana tsaye ba alamar wahala a fuskarsa, sautinsa ya ratsa kiɗan ya fita har bakin kasuwa. Abin da ya raba waɗannan biyun shi ne sana'ar.

Ga yadda ake kama ta. Mabushi yakan tsuke baki irin tsukewar mai fito, ya ɗora bakin sarewar a kan leɓɓansa, ya karkatar da ita ƙasa zuwa gefe ɗaya. Leɓɓan sun rufe mafi yawan bakin karan. Ɗan abin da ya rage a buɗe shi ne gefen da iska za ta je ta buga. Haka Larabawa da Turkawa ke busa tasu, haka Buzaye ma. Sabon shiga yakan yi kwana da kwanaki yana hurawa ba ya jin komai sai huci. Jiri ya ɗebe shi, idanunsa su yi duhu, don yana fitar da numfashi fiye da yadda jiki ke so. Da yawa a nan suke ajiye ta. Wanda ya daure, wata rana sautin zai faɗo masa ba zato, siriri, a dushe, ya kuma ɓace. Daga ranar aiki ya fara: neman wurin da aka same shi, da koya wa naman leɓe ya riƙa komawa can da kansa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi bayan nan ɗaya ne. Ya ji sautinsa ba ƙarfi, sai ya ƙara ƙarfin hurawa. Hankali ma abin da zai ba mutum ke nan. Amma sarewa ba ta amsa wannan kira, kuma dalilin yana cikin yadda sautin ke samuwa tun asali. Iskar da ta fito daga leɓe in ta isa gefen kara sai ta shiga kaɗawa, ta faɗa ciki, ta fita waje, ta sake faɗawa ciki, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Iskar da ke kwance a cikin ramin ce ke sa mata lokacin shiga da na fita. In lokacin da iskar baki ke ɗauka kafin ta isa gefen ya dace da rawar iskar ciki, sai su riƙa tura juna, sauti ya cika. Da an ƙara gudu wannan dacewa ta rushe. Da farko muryar sarewar za ta ɗaga kaɗan ta bar daidai, sannan ta tsallake gaba ɗaya zuwa siririyar murya ta sama. Tsallakewar nan tana da amfaninta, don da ita mai ƙofa huɗu ke samun muryoyi fiye da yawan ƙofofinsa. Amma ta nuna cewa ƙarfin hurawa aikinsa zaɓen murya ne, ta ƙasa ko ta sama. Ƙarar sauti daga wani wurin take zuwa.

A 1975 wani masanin kimiyyar sauti ɗan Ostireliya, Neville Fletcher, ya auna matsin iskar da ke cikin bakin ƙwararrun masu busa sarewar Turawa, ya kuma ɗauki hoton leɓɓansu suna cikin busa. Ya tarar matsin yana bin tsayin murya ne, yana ƙaruwa in an hau sama. In kuwa mabushi zai ƙara ƙara a kan murya guda, abin da ya fi sauyawa shi ne girman ƙofar leɓensa. Wato iska ta yi yawa amma gudunta bai sauya sosai ba, kuma tana nan a dunƙule. Duk wanda ya taɓa zuba wa wani ruwan alwala ya san abin. Ruwan da ke fita daga bakin buta kana iya ƙara shi ko rage shi, yana ci gaba da sauka a tafin hannu. In ka girgiza butar da ƙarfi sai ya fantsama, hannun bai samu rabinsa ba.

To a nan ne shekaru ke tafiya, a kan ɗan naman da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Iska ta cikin leɓe ya kamata ta bi, inda naman yake da laushi da danshi, don busasshiyar fatar waje takan yayyaga ta tun kafin ta fita. Gefen baki biyu su ne za su riƙe, tsakiya ta saki. Haƙoran sama da na ƙasa su rabu, muƙamuƙi ya sauka, harshe ya kwanta don cikin baki ya samu fili. Mai jin tsoron kada sautin ya kuɓuce masa yakan danna karan a kan leɓe ya rufe bakin fiye da kima. Sautin zai fito da tsabta, amma ƙarami, a shaƙe. Wanda ya buɗe fiye da kima kuma huci ya yi masa yawa, numfashinsa ya ƙare kafin kari ya kai rabi. Tsakanin waɗannan biyun akwai wurin da karan ke amsawa da dukan jikinsa, har mabushi ya ji yana karkarwa a ƙarƙashin yatsunsa. Motsin da ke kai mutum wurin bai wuce faɗin tsinken tsintsiya ba: a ɗan murza karan, a ɗan ɗaga haɓa, a ɗan turo leɓen ƙasa. Ba mai iya nuna wa wani wurin daidai, don haƙora da kaurin leɓe ba iri ɗaya ba ne. Madubi na taimakawa, haka kyamarar waya. Mutum ya ga ko ƙofar leɓensa ta karkace ta bar gefen da ake nufi.

Akwai kuma wani abu da mai busa shi kaɗai ba ya damuwa da shi, sai ranar da ya shiga cikin makaɗa. In ya ƙara ƙara, murya takan ɗaga. In ya rage, ta faɗi. Mai molo da mawaƙi ba za su bi shi sama da ƙasa ba. Dole ya koyi ramawa: in zai buɗe sauti ya ɗan ƙara rufe bakin karan ya tura iskar ciki, in zai rage ya ɗan buɗe. Gwanaye suna yin haka ba tare da sun san suna yi ba, amma sai da suka yi shi da saninsu sau dubbai.

Ƙara daban, amo daban, kuma a ganina amo ne ya kamata a fara nema, don ƙarar takan biyo shi. Muryar nan ɗaya da kunne ke ji, a haƙiƙa muryoyi ne a jere: babba a ƙasa, sai ƙanana a samanta masu ninkin gudunta sau biyu, sau uku, sau huɗu, har sama. Yawan waɗannan ƙananan da ƙarfinsu shi ne abin da muke ji mu ce sautin wane yana da kauri, ko yana da kaifi, ko ya yi lami. Kunnen ɗan Adam ya fi jin sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, alhali muryoyin ƙasa na sarewa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Saboda haka abin da ke ratsa kalangu ya isa kunnen na nesa, ƙananan nan ne na sama. Su kuwa ba sa fitowa sai iska ta isa gefen kara a dunƙule. A muryoyin ƙasa ma, in gwani ya ƙara ƙara, yawanci su yake ƙarawa. Babbar ba ta cika motsawa ba.

Kunnen mabushi yana yaudararsa a wannan wuri, don yana kusa da bakin karan ƙwarai. Yana jin huci da sautin iskar da na nesa ba ya ji, sai ya ɗauka sautinsa ya yi datti, ya tsuke baki don ya tsabtace shi, ya kashe amon da hannunsa. A fili kuwa duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sautin da ba shi da ƙashi shi ke fara mutuwa a hanya. Shi ya sa maigidan kirki ba ya zama kusa da yaronsa in yana gwaji. Yakan taka ya yi nisa, ya juya baya, sannan ya ɗaga murya: "Yaro, sake. Bai iso nan ba." Wanda ba shi da maigida sai ya aika aboki, ko ya ajiye waya can nesa ta ɗauka ya je ya saurara.

Numfashi kuma sai an yi masa tattali. Huhun babban namiji in ya cika yakan ɗauki wajen lita 6, amma numfashin yau da kullum bai wuce rabin lita ba, don haka yawancinmu ba mu taɓa sanin ƙasan huhunmu ba. Sarewa kuwa mai ɓarnar iska ce. Kaso mai yawa na abin da aka hura waje yake tafiya, kuma babu abin da ke tare ta. Mai algaita hakinsa na riƙe masa iska, har ya cika kumatu ya riƙa shaƙa ta hanci busa ba ta yanke ba. A sarewa ana iya wannan dabara amma ta fi wuya nesa ba kusa ba, don ƙofar a buɗe take. Ke nan birkin dole a cikin jiki zai kasance. Ana shaƙa ta baki, ciki da kwiɓi su buɗe, kafaɗu su zauna inda suke. In aka fara busa, haƙarƙari ba za su rufta gaba ɗaya ba. Ana riƙe su a buɗe, naman ciki na turowa a hankali daga ƙasa. Wanda bai koyi wannan ba da maƙogwaro yake yin birki, ya shaƙe kansa, kuma ana jin shaƙewar a cikin sautin, wani lokaci har da ɗan gurnani da bai yi niyya ba. Tsayuwa ta fi zama, zama a miƙe ya fi tsuguno, kuma kai in ya sunkuya kan kara hanyar iska ta lanƙwashe. A kawo kara wurin baki, kada baki ya bi kara.

Duk inda ake busa irin wannan abu a duniya, motsa jikin da ke gina sauti ɗaya ne, kuma ba shi da armashi: dogon sauti. A 1934 Marcel Moyse, babban malamin busa na Faransa, ya fitar da littafinsa De la sonorité a kan wannan kaɗai. Hanyarsa ita ce a nemi murya ɗaya wadda ta fi fitowa da kyau, a busa ta har kunne ya ƙoshi, sannan a sauka zuwa maƙwabciyarta a hankali, a ƙi wucewa sai ta biyun ta yi kyau irin ta farko. Haka har ƙasa, inda sarewa ta fi rauni. Mai ƙofa huɗu yana iya bin wannan hanya ba tare da ya ga littafin ba. Ya kama murya ɗaya a hankali, ya buɗe ta har iyakar da za ta kai ba ta tsallake ba, ya dawo da ita har ta kusa ɓacewa, murya ba ta ɗaga ba ba ta faɗi ba. Dawowar ta fi tafiyar wuya. Sannan ya rufe ƙofofi duka, ya riƙa hawa daga muryar ƙasa zuwa ta sama ya dawo da leɓe da gudun iska kaɗai, yatsa bai motsa ba. Kaɗan kullum ya fi mai yawa jefi-jefi, kuma da leɓe ya fara rawa don gajiya sai a tsaya, don abin da aka maimaita da gajiyayyen leɓe shi zai zauna.

Makiyayi yana da abin da ɗalibin birni ba shi da shi: yini guda cur, fili, ba mai cewa an dame shi. Amma daji kaɗai ba ya yin gwani, kuma tarihin Yacouba Moumouni na Nijar, wanda aka fi sani da Denke Denke, shaida ne. An haife shi a 1966 a yammacin ƙasar, ya taso yana kiwo. Yana da wajen shekara 10 mahaifinsa ya rasu, ya bar gida ya nufi Yamai, ya yi zaman kwanan titi har mawaƙiya Absatou Danté ta ɗauke shi. A nan ya shiga hannun Harouna Marounfa ya yi shekaru yana koyon busa, kafin ya shiga ƙungiyar raye-raye ta ƙasa. A 1995, a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, shi da mai jita Abdallah Alhassane suka kafa ƙungiyar Mamar Kassey, a 1999 kuma suka fitar da faifansu Denké-Denké. A ƙungiyar nan sarewa tana tsaye ne gefen kalangu da ƙwarya da molo da jitar lantarki, kuma ba ta nitsewa. Wanda ya saurara da kyau zai ji akwai iska a cikin sautinsa, bai ɓoye ta ba, amma a tsakiyar iskar akwai sauti mai ƙashi da ke shiga kan lokaci, ba lalube. Yaron kiwo ne ya shigo Yamai, shekarun zama gaban malami ne suka fitar da wannan busa.

Fulanin Futa Jalo a ƙasar Gini suna da tasu, mai ƙofa uku, wadda ake busawa ta gefe, kuma sun yi suna wajen haɗa murya da busa: mutum na hurawa yana waƙa ko ihu a cikin karan. Mabusa a wurare da dama kan yi wani abu mai kama da haka, su saki ɗan gurnani daga maƙogwaro a ƙarƙashin busa, sautin ya yi kauri ya cika fili. Abu ne mai daɗi in an iya. Shawarata ga mai koyo ita ce ya jinkirta shi. Gurnani yana rufe raunin sauti, mutum ya shekara yana jin kansa da kauri alhali in ya yi shiru da maƙogwaro babu komai a ƙasa.

Sai kuma karan kansa, don wani lokaci laifin ba na leɓe ba ne. Mai ƙira yakan zaɓi miƙaƙƙe wanda ya bushe sosai, ya fitar da totuwa, ya fasa gaɓoɓi da jan ƙarfe mai zafi, ya goge ciki har ya yi santsi, don ramin da ke da kaushi yana cin sauti. Bakin yakan fiƙe shi ta waje ya zama yana da kaifi daidai a kewaye. Ɗan tsagewa a nan ya isa ya lalata komai. Ƙofofi da ƙarfe mai zafi ake huda su, a fara da ƙanana a riƙa faɗaɗawa ana gwadawa, don ƙofa in ta ƙara faɗi muryarta na ɗagawa tana kuma ƙara ƙara, in ta wuce ba ta dawowa. Rami mai faɗi yana ba muryoyin ƙasa kauri amma yana shan numfashi. Matsattse yana hawa sama da sauƙi amma ƙasansa siriri ne. Babban abokin gaba shi ne yoyo. Tsaga irin wadda ido ba ya gani takan kashe muryoyin ƙasa ɗungurungum. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe ƙofofi duka, a toshe ƙasan, a tsotsa; in iska na shiga akwai inda ya fashe, sai a nemo shi a liƙe da kakin zuma a naɗe da zare ko fata. Yatsu ma na yoyo. Da tsokar yatsa ake rufe ƙofa, a kwance. Mai dannawa da kan farce yana barin gefe a buɗe, ya yi ta zargin bakinsa.

Hunturu ne lokacin wahala. Kara ya bushe ya tsage, leɓe ya faffashe, ƙura ta cika maƙogwaro. Ɗan ruwa da aka zuba ta cikin ramin aka kakkaɓe yakan toshe ƙananan kafofin kara ya dawo da sauti, man kaɗanya kuma ya tausasa leɓe. Sanyi na saukar da muryar sarewa, zafi na ɗaga ta, don haka ake ɗumama ta da numfashi kafin a shiga cikin makaɗa da sassafe.

Yau da yawa sun koma bututun roba ko na ƙarfe, wasu kuma na ganin wannan kasawa ce. Ban yarda ba. A 1971 wani masanin kimiyya Ba'amurke, John Coltman, ya ƙera sarewa uku masu awo ɗaya, ta azurfa da ta tagulla da ta katako, aka busa su a bayan labule. Masu saurare, har da ƙwararrun mabusa, sun kasa bambance su. Siffar rami da kaifin baki da girman ƙofofi su ke yin sauti. Roba ba ta tsagewa da hunturu, ba ta jin ruwan damina, kuma yaron da bai da kuɗi yana iya samunta. In an fiƙe bakinta da kyau ba abin da ta rasa sai kyan gani da ƙamshin kara.

Turawa ma sun sha wannan fama na neman ƙara. A 1831 wani Bajamushe daga Munik, Theobald Boehm, ɗan maƙerin zinariya wanda shi kansa gwanin busa ne, ya je Landan ya ji busar Charles Nicholson. Ƙarfin sautin mutumin ya girgiza shi, ya kuma lura ƙofofin sarewarsa sun fi na kowa faɗi. Ya koma gida ya shiga awo da ƙira, har a 1847 ya fito da sarewar azurfa mai miƙaƙƙen rami da manyan ƙofofin da yatsa ba zai iya rufewa ba sai da marufai masu maɓalli. Ita ce ake gani yau a hannun 'yan badujalar soja da na 'yan sanda, ita ce kuma mabushi Tee Mac ya yi suna da ita a Legas. Amma Nicholson da sarewar katako ya girgiza Boehm, kuma an yi ta sayar da irinta a Landan da sunansa a jiki, sautin nasa bai bi ta shago ba.

Cin abinci da wannan sana'a a yau sai da haƙuri. Akwai biki da shaɗi da liƙin da ake samu a wurin, akwai ƙungiyoyin hukumomin raya al'adu na jihohi, akwai ɗan abin da gidajen rediyo ke kira. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya zauna a situdiyoyin Kano, muryar sarewa ta cika waƙoƙin finafinan Hausa, amma yatsa ne ke danna ta, mabushi bai samu ko sisi ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kan wannan sauyi. Sautin fiyano kullum daidai yake, ba ya numfashi, ba ya buɗewa a tsakiyar murya ya dawo, kuma yaran da suka taso da shi sun ɗauka haka sarewa take. A daji kuma waya ta shiga aljihun makiyayi da waƙoƙinta, ga rashin tsaro da satar shanu da suka hana zaman gindin itace a wurare da dama na arewa maso yamma. Wurin da ake koyon busa tun asali yana ƙanƙancewa, abin yana damuna.

Lasifika ta kawo tata matsalar. Mabushin da ya saba da fili in aka miƙa masa makirfo yakan kai shi ƙasan kara, alhali sautin ta bakin sama da ta ƙofofin da ke buɗe yake fita. Wurinsa kusa da baki ne, a ɗan gefe, inda iskar da ke wucewa ba za ta buge shi ba. Makirfo zai ƙara wa kowa ƙara, amma abin da aka ba shi yake ƙarawa: mai huci ya ƙara huci, mai shaƙaƙƙen sauti a ji shaƙewarsa har bayan layi. Na fi son mai koyo ya yi shekarunsa na farko bai ga makirfo ba.

Abin da ke tsayar da tsofaffin mabusa sau da yawa haƙori ne kafin huhu. Haƙoran gaba su ne jingina ga leɓe. In ɗaya ya faɗi ko ya karkace, ƙofar da aka yi shekara 30 ana gyarawa ta sauya siffa, iska ta bar gefen da ta saba bugawa. Ko haƙorin roba aka sa, kaurinsa ba na da ba ne. Wanda abin ya sama yakan koma kan dogon sauti daga farko, ya sauya kusurwar kara, wani ma ya mayar da shi ɗaya gefen bakin. Yakan ɗauki watanni kafin muryoyin sama su dawo, na ƙasa kuma su ne ke zuwa daga baya.